Kwamfutar da Ta Tsallaka Teku Ba Fasfo

Da hantsin ranar Litinin wata mata mai farin tabarau ta shigo caji ofis ta ce an sace mata kwamfuta a wurin aiki. Ta ƙara da cewa ba kuɗin kwamfutar ne ya dame ta ba, abin da ya dame ta shi ne ƙasar nan ta koma goma.

Sajan da ke kan kanta ya ajiye biro ya dube ta.

"Goma me, Malama?"

"Nod goma. Ranar Juma'a sha ɗaya ne."

Sajan ya shekara goma sha tara yana rubuta rahoton satar waya da babur da awaki, amma bai taɓa rubuta satar da ta rage wa ƙasa lamba ba. Sai ya rufe littafinsa ya ce, "Taso, Malama. Wannan na Me-ya-sa ne."

Haka ake kiran Sufeton a bayan idonsa, wani lokaci ma a gaban idonsa. Mutum ne da in ka ce masa ka karya da shayi sai ya tambaye ka me ya sa ba ka sa madara ba. Abokan aikinsa sun gaji da shi, matarsa ta gaji tun kafin su, amma duk ranar da magana ta cije shi ake nema.

Ita wannan mata Dakta ce a wata cibiyar bincike, bene mai hawa biyu a bayan babban asibiti. Ɗakinta yana sama, ɗaki ne ƙarami mai taga ɗaya. An manna taswirar duniya a bango, kowace ƙasa da lamba a kanta da jan biro, an goge an sake rubutawa har takardar ta fara hujewa.

Sufeto ya fara da ƙofa. Ba a ɓalle ta ba, ba a ko karce fentin ba. Sannan ya dubi tebur. Ga sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka a ajiye, ga na'urar haska bango a cikin jakarta, babu wanda ya taɓa su. A kan kabad kuwa akwai wani fili mai tsabta a tsakiyar ƙura, faɗinsa bai wuce na littafi ba.

"Nan kwamfutar take?"

"Nan take, shekara uku. Wani ɗan baƙin akwati ne, ba allo ba komai. Sun tafi da wayar wutarta da wayar intanet ɗinta."

"Nawa za ta yi a kasuwa?"

"Ba ta kai rabin wayar da ke aljihunka ba."

"To me ya sa ɓarawo zai tsallake wannan sabuwar ya ɗauki tsohuwa?"

Dakta ta sunkuyar da kai, kamar mai jin kunya. "Na manna mata takarda. Na rubuta, Kirifto, kada a kashe."

Sajan ya saki dariya. "Ai kin yi wa ɓarawo kwatance da kanki, Malama."

Sufeto ya ja kujera ya zauna, ya ce ta yi masa bayani kamar yadda za ta yi wa kakarta. Dakta ta gyara tabarau. A fili take cewa ta daɗe ba ta samu mai tambayarta ba.

"Kuɗin kirifto ba shi da banki, Yallaɓai. Kundi ɗaya ne, duk wata hada-hada ana rubuta ta a ciki. Sai dai ba a ajiye shi wuri ɗaya ba. Kwamfutoci dubbai a duniya kowace tana riƙe da kwafinsa. Su ne nod. Aikina in ƙirga su, ƙasa-ƙasa. Ina da manhaja da ke zagayawa duk minti goma tana ƙwanƙwasa musu ƙofa, wanda ya amsa ta rubuta shi a layin ƙasarsa."

"Su ne masu haƙo kuɗin da ake faɗa?"

"A'a! Kuskuren da kowa ke yi ke nan. Masu haƙa daban. Su ke tseren rubuta sabon shafi a kundin, wanda ya riga ya samu lada. Injinansu manya ne, ƙara kamar injin niƙa, zafi kamar gidan burodi, ga cin wuta. Shi ya sa suke tururuwa inda lantarki ke da araha. Shi kuwa nod duba shafin kawai yake yi, in da cuta a ciki ya ƙi karɓa. Sai ka ga ƙasa cike da mahaƙa amma nod ɗinta bai taka kara ya karya ba, wata kuma nod ɗari-ɗari babu mai haƙa ko ɗaya. Abin da nake rubutu a kai ke nan."

"Shi nod ɗin nawa ake biyansa?"

"Ko sisi."

"Wato shi ke tsaron gaskiya, wani ke cin riba." Sufeto ya dubi Sajan. "Ashe muna da 'yan uwa a cikin kwamfutoci."

Ya tambayi wa ya san wannan bambancin a ginin. Dakta ta ce ita da Injiniyan cibiyar ne kawai. Sauran duk sun ɗauka tana da injin buga kuɗi a kan kabad. Da ta canza mota bara, har masu shara sun zo yi mata barka suna kallon akwatin.

Makullin ɗakin guda biyu ne. Ɗaya a jakarta, ɗaya a cikin tarin makullan da ke hannun masinjan cibiyar.

Daraktan cibiyar ya karɓe su a ofishinsa na ƙasa, ofis mai kafet da kujerun fata da hotunansa yana gaisawa da mutane. Ya sa aka kawo lemo, ya yi ta jajanta abin.

"Ba na son in ambaci suna, Sufeto, amma magana a buɗe take. Ƙofa ba a ɓalle ba, makulli yana hannun mutum ɗaya. Shekara ashirin da biyu yana tare da mu, wata bakwai ya rage masa ya yi ritaya. Ka san tsufa in ya zo da tsoron gobe, mutum yakan yi abin da bai saba ba."

"Ka taɓa kama shi da wani abu?"

"Ban taɓa ba. Amma ai komai da ranar farkonsa."

"Kai ina kake ranar Juma'a da yamma?"

Darakta ya yi murmushi. "Na tashi ƙarfe huɗu kamar kullum. Ni hawa saman nan ma ba na yi, gwiwa ta hana. Kuma in faɗa maka gaskiya, na sha gaya wa Dakta cewa cibiya ba wurin haƙar kuɗi ba ce. Wutar da na'urar nan ke ci, Allah kaɗai ya sani."

Kafin azahar Darakta ya riga ya yi wa shugaban caji ofis waya, kafin la'asar an ɗauko masinjan an sa shi bayan kanta. Shugaban ya kira Sufeto ya ce masa, "Ranar Alhamis za a kai shi kotu. Kada ka ja mini ƙaramar magana da tambayoyinka." Ran nan ne kuma hukumar cibiyar za ta zauna a kan korarsa. Kwana uku ke nan tsakanin tsohon da asarar aikinsa da sunansa gaba ɗaya.

Baba Masinja siriri ne mai furfura, rigarsa a goge duk da ta sha wanki. Da aka fito da shi ɗakin tambayoyi ya ƙi zama sai da Sufeto ya ce masa sau uku.

"Baba, ka ɗauki kwamfutar nan?"

"Ban ɗauka ba, ranka ya daɗe."

"Makullan sun taɓa barin hannunka daga Juma'a zuwa Litinin?"

"Ba su bari ba."

"Ko na minti biyar?"

"Ko na minti ɗaya."

"To ka gane abin da kake faɗa? In ba su bar hannunka ba, kai ne ka buɗe ke nan."

Baba ya dubi farcensa. "Ban buɗe ba, ranka ya daɗe. Kuma ba su bar hannuna ba. Komai zai warware, an ce in yi haƙuri."

"Wa ya ce?"

"Haka dai ake cewa."

Sufeto ya tsani ganin mutumin kirki yana ƙarya, domin ba su iya ba, kuma kansu suke cuta. Ya fito ransa a ɓace.

A kan bencin waje ya tarar da wata mata da kwanon abinci a ɗaure cikin ɗankwali. 'Yar Baba ce ta fari, malamar firamare. Ta ce ta je neman beli an ce sai babban ma'aikaci ya tsaya masa. Ta je wurin Darakta, sakatarensa ya ce yana taro. Ta zauna awa biyu, taron bai ƙare ba.

"Ranar Juma'a ƙarfe nawa babanki ya dawo?"

"Biyar da rabi, a kan kekensa. Babu komai a hannunsa sai burodin jikokinsa."

"Makullan fa?"

Ta gyara ɗaurin kwanon. Sannan ta ce a hankali, "Akwai ƙusa a bayan ƙofar ɗakinsa. Tun muna yara nan yake rataye su, in ka taɓa ka sha faɗa. Ran nan ban ji ƙararsu ba. Na ce, Baba, ina makullanka? Ya ce in kula da tukunyata. Da safe ya fita, ya dawo, sai na gan su a ƙusar."

"Ina ya je?"

"Bai faɗa ba. Yallaɓai, don Allah, na taimake shi ne ko na ƙara tura shi?"

"Kin taimake shi," in ji Sufeto. "Shi ne dai bai taimaki kansa ba."

Ranar Talata ya koma wurin Dakta, ba don yana da wata sabuwar hujja ba, sai don wata tambaya da ta hana shi jin daɗin shayinsa.

"In ɓarawon ya jona ta da wuta da intanet, me zai faru?"

"Za ta tashi da kanta ta ci gaba da aiki. Manhajata za ta gan ta, mu koma sha ɗaya. Tun jiya nake kallon layinmu, goma ne."

"Layinmu kawai kike kallo?"

"To ina kuma zan kalla?"

"Na sauran ƙasashe."

Dakta ta yi dariya. "Yallaɓai, wa zai ɗauki wannan tarkacen ya hau jirgi da shi?"

"Ban sani ba. Kina da yadda za ki gane taki a cikin dubu?"

Ashe akwai. Kowane nod in an ƙwanƙwasa masa yakan faɗi ɗan taken da mai shi ya sa masa, ita kuma ta sa wa nata sunan kyanwarta. Ta buga sunan tana girgiza kai, irin na bari in yi don a rabu da ni lafiya. Sai dariyar ta tsaya.

Ta tashi ta je gaban taswira, ta ɗora yatsa a kan wani ɗigo a tsakiyar teku, can kusa da gefen takardar.

"Wannan tsibirin nod biyu gare shi tun da na fara ƙirga. Shekara uku, biyu ne. Yanzu uku. Tawa ce ta ukun. Tun ƙarfe bakwai na yammacin Juma'a take can."

Sajan ya matso ya ƙura wa ɗigon ido. "An rufe ofis ƙarfe biyar, ƙarfe bakwai tana tsakiyar teku? Ko aljani ne sai ya tsaya shan mai."

"Me ya sa manhajarki ta ce tana can?" in ji Sufeto, idonsa har ƙyalli yake. "Ganinta take yi?"

"Ba ta ganin kowa. Adireshin intanet take karantawa, ta duba na wace ƙasa ne. Matsalar aikina ke nan tun farko. In mutum ya saita rautarsa, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ta riƙa zagayawa ta wata ƙasa kafin ta fita, sai a rubuta shi a can, alhali yana nan kusa da kai yana shan iska."

"Wa zai yi haka?"

"Mai son ɓuya. Ko mai son kallon abin da ba a nunawa a nan."

"Wa ya iya saita irin wannan a ginin nan?"

Dakta ta dubi ƙasan bene.

Ɗakin Injiniya yana ƙarƙashin matakala. Wayoyi sun cika shi kamar saƙar gizo, ga matattun kwamfutoci jere a kan kanta, ga warin dalma. Shi kansa ƙato ne mai yawan gumi, kuma da ya ga kakin Sajan sai gumin ya ƙaru.

"Ka san wannan tsibirin?" Sufeto ya nuna masa a waya.

"Ban taɓa jin sunansa ba."

"Ka iya sa rauta ta zagaya ta wata ƙasa?"

"Ni? Gyaran firinta dai na sani, Yallaɓai."

"Madalla. Sajan, rubuta cewa Injiniyan cibiya bai iya saita rauta ba, a kai wa hukumarsu ranar Alhamis. Tunda zama za su yi, sai su haɗa biyu."

Injiniya ya share goshi da gefen riga. "Tsaya, Yallaɓai. Ai ba a yi haka ba. Ni wallahi ban taɓa akwatin Dakta ba. In sace shi in yi me da shi? Ba ya haƙar kuɗi, ba ya kawo ko kwabo, ni na jona mata shi da hannuna. Wanda ya san abin ba zai ɗauka ba ko kyauta aka ba shi."

"Wannan na yarda. Tsibirin fa?"

"Ƙwallo ce."

"Ƙwallo?"

"Akwai tashar da ke nuna duk wasannin ƙwallo kyauta, amma sai in ta ga kamar daga can kake. Shi ne nake saita wa mutane rauta a gida, ɗan aikin gefe. Duk abin da aka jona da rautar sai ya zama ɗan tsibirin, ko talabijin ko waya. Masu gidan ma ba su san haka ba, su dai ƙwallo ta fito."

"Gida nawa?"

"Uku. Surukina, da wani mai kyamis a layinmu." Ya rage murya. "Da gidan Darakta. Don Allah kada ka ce ni na faɗa, a lokacin aiki na je na yi masa."

Sajan ya buɗe baki, Sufeto ya ɗaga masa hannu. A waje ya ce masa, "Kada ka yi saurin murna. Surukin Injiniya ma gida ne, kuma Injiniya zai iya karɓar makulli a hannun Baba da sunan gyara. Gida uku ne, ɗaya muke nema."

Ranar Laraba ya sa Dakta ta buga masa duk lokutan da na'urar ta amsa tun Juma'a. Takarda ce doguwa, layi bayan layi, minti goma-goma. Ya bi ta da bakin biro har ƙasa, ya sake hawowa, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Babu gurbi ko ɗaya.

"Sajan, ranar Lahadi me ya faru a garin nan?"

"Lahadi? Ai ran nan aka ɗauke wuta gari gaba ɗaya, daga sha ɗaya zuwa biyar. Madarar yara ta lalace mana a firji, har yau ina shan magana."

"Dakta, in wuta ta ɗauke na minti biyu aka tayar da janareta fa?"

"Sai ta mutu ta sake tashi. Tsohuwa ce, takan yi kusan rabin awa kafin ta fara amsawa. Da mun ga rami a nan."

Suka zagaya gidajen. Surukin Injiniya ba shi da ko fitilar caji mai kyau, ya ce ranar Lahadi a gindin bishiya ya wuni. Mai kyamis yana da janareta, irin wanda sai an ja igiya ana addu'a. Gidan Darakta kuwa tun daga bakin titi ake hango faifan sola jere a kan rufi, guda goma sha biyu.

Sufeto ya koma wurin Baba kafin ya nemi takardar izinin bincike.

"Baba, Darakta ka bai wa makullan."

Tsohon ya ɗago da sauri, sannan ya sunkuyar da kai. "Ban ce ba, ranka ya daɗe."

"Gobe za a kai ka kotu."

"Ba za a kai ni ba."

Ya faɗi haka da cikakken yaƙini, har Sufeto ya ji tausayinsa ya kama shi fiye da haushi.

Ranar Alhamis ƙarfe bakwai da rabi na safe suka ƙwanƙwasa ƙofar Darakta. Ya fito da kwat da jaka a hannu, zai tafi zaman hukuma. Ya karanta takardar alƙali sau biyu, ya ce wannan cin mutunci ne kuma sai ya kai ƙara har sama.

"Ka kai, Yallaɓai. Amma bari mu yi wani ɗan gwaji, ni ma ban taɓa gani ba, so nake in gani."

Sufeto ya kira Dakta ya sa wayar a amsa-kuwwa, ya ajiye ta a kan teburin falo. Rautar tana gefen talabijin, fitilunta na ƙiftawa.

"Dakta, tsibirin nawa ne yanzu?"

"Uku."

"Sajan, zare."

Sajan ya zare wayar wutar rautar. Matar Darakta ta leƙo daga kicin da cokali a hannu, ta tsaya. Darakta ya zauna, ya tashi, ya duba agogo, ya ce zai makara. Minti goma ba su da yawa sai ranar da kake jiran su ƙare.

Muryar Dakta ta fito daga wayar. "Manhaja ta buga zagaye. Biyu ne, Yallaɓai. Tawa ta yi shiru."

"Mun gode. Sajan, bi mana wayoyin da ke bayan rautar nan."

Guda uku ne. Ɗaya ta tafi talabijin, ɗaya ɗakin yara. Ta ukun shuɗiya ce, ta bi ta ƙarƙashin kafet ta shige ɗakin karatu, ta ƙare a cikin durowar ƙasa ta teburin Darakta. Ɗan baƙin akwatin yana ciki a kan tawul, an shimfiɗa masa kamar jariri. Takardar Dakta tana nan a manne.

Darakta ya zube a kan kujera. Da farko ya ce ajiye kwamfutar ya yi don bincike na cikin gida. Sufeto ya tambaye shi me ya sa bai faɗa ba ranar Litinin. Sai magana ta ɓalle masa.

"Shekara uku ina kallon yarinyar nan. Ta sayi mota, yau tana wannan ƙasa gobe tana waccan, ni da na ɗauke ta aiki ina zaune. Abokaina suka ce ai na'urar ce, ana jona ta kawai ta yi ta haƙo kuɗi. Na ce da wutar cibiyata? Na ce bari in ɗauka kwana biyu in gani, in mayar kafin Litinin. Na karɓi makulli wurin Baba na ce na manta takarda. Na jona mata allo, sai wasu rubuce-rubuce ke ta gudu. Na ce ƙila sai ta ɗan jima. Lahadi na ce bari in ƙara mata kwana ɗaya." Ya dafe kai. "Ban zaci yarinyar za ta wuce ni ta tafi wurinku kai tsaye ba. Sufeto, tsakani da Allah, kuɗin ina suke shiga?"

"Babu kuɗi, Yallaɓai. Ba ta haƙa. Gadi take yi, kyauta."

"Motar fa?"

"Tallafin bincike ta ci. Kai ka sa hannu a takardar, in ji ta. Ba ka karanta ba ne."

Da aka kai shi caji ofis, Sajan ya juye jakarsa a kan kanta don rubuta kayan da ke ciki. Akwai tabarau da maganin hawan jini da wani farin ambulan mai tambarin cibiya. Sufeto ya buɗe ya karanta, ya riƙe shi a hannu.

Daidai lokacin aka fito da Baba Masinja, 'yarsa tana riƙe da hannunsa. Yana ganin Darakta tsakanin 'yan sanda biyu sai ya fizge hannun, ya matsa kusa da shi.

"Ranka ya daɗe, ban faɗa ba! Wallahi ban faɗa musu ba. Sun tambaye ni sau biyu, ban faɗa ba."

Darakta ya kau da kai.

"Mun sani, Baba," in ji Sufeto. "Me ya ce maka?"

Baba ya dubi maigidansa kamar mai neman izini, bai samu ba. "Ranar Litinin kafin a tafi da ni ya kira ni ofis. Ya kama hannuna biyu ya ce in rufa masa asiri na kwana biyu, shi zai fitar da ni da kansa, babu abin da zai taɓa aikina. Ya ce shi da ni ai mun zama ɗaya."

Sufeto ya yi ta juya ambulan ɗin a hannunsa. Ya so ya mayar da shi cikin jaka ya bar tsohon da abin da ya yarda da shi. Amma takardar da sunan Baba take, kuma ba shi da hurumin ɓoye masa.

"Malama, karanta wa babanki wannan."

Ta karanta da muryar da take karanta wa 'yan aji. Takardar kora ce, saboda sata da cin amana, ba tare da haƙƙin ritaya ba. An buga ta, an sa hannu, an buga hatimi, jiran zaman hukuma kawai take.

"Wace rana aka rubuta?" in ji Baba.

"Litinin, Baba."

"Litinin." Ya gyaɗa kai a hankali. "Litinin ɗin nan dai."

Bai yi kuka ba, bai yi zagi ba. 'Yarsa ce ta juya ta fuskanci bango.

Sajan ya mayar da kayan cikin jaka ya ce wa Darakta ya cire bel da agogo. Darakta ya rasa inda zai sa hannunsa, ya ɗauki jakar, ya waiwaya, ya miƙa ta gefe ba tare da ya duba ba.

"Baba, riƙe mini wannan."

Hannun Baba ya taso da kansa, kamar yadda ya saba tasowa shekara ashirin da biyu. Ya kai rabin hanya. Sai tsohon ya dubi hannun, ya mayar da shi cikin aljihu.

Jakar ta faɗi ƙasa. Babu wanda ya sunkuya.

"Mu je, Yallaɓai," in ji Sajan, ya kama gwiwar hannun Darakta ya bi da shi ta ƙofar da Baba ya fito.